Wane daɓe ya dace da gidan haya, wane ne kuma ya dace da gidan da mutum zai zauna da iyalinsa?

Tambaya: Ni ma'aikaci ne da na yi ritaya, kuma ina gab da kammala gini a bayan garin Kano. A fili ɗaya na gina gidan da zan zauna da iyalina, a na kusa da shi kuma na yi sassa huɗu na ɗaki da falo domin haya. Mai sayar da tayil ya ba ni shawarar in sa babban tayil mai sheƙi, santimita 60 da 60, a ko'ina. Amma ina da wani tsohon gidan haya da tayil ɗin falonsa ya kumbura ya farfashe shekara biyu kacal bayan sa shi, shi ya sa nake ɗari-ɗari. Me ya kamata in sa a kowane gida, kuma ta yaya zan tabbatar an yi aikin yadda ya kamata?

Amsa: Malam, Allah ya sanya albarka a ginin, ya sa a shiga lafiya. Shawarata a taƙaice ita ce kada ka sa abu ɗaya a gidajen biyu, domin rayuwar da za a yi a cikinsu ba iri ɗaya ba ce, sannan kada ka fara da maganar launi ko girman tayil, domin a shekarun da na yi ina duba aikin gini, mafi yawan daɓen da na ga ya lalace ba tayil ɗin ne ya gaza ba, abin da ke ƙarƙashinsa ne ko kuma hannun wanda ya jera shi. Saboda haka zan fara da tsohon gidan nan naka, domin idan aka gane abin da ya faru a can, an yi rabin aikin sababbin.

Tayil da ya kumbura ya tashi kamar tudu a tsakiyar falo, sau da yawa da ƙara mai firgitarwa, kusan kullum dalilinsa guda ne: an jera shi baki da baki ba tare da tazara ba, an kuma matse shi da bango ta kowane ɓangare. Tayil yana buɗewa kaɗan idan ya yi zafi, kankaren da ke ƙarƙashinsa kuma yana ci gaba da tsukewa na tsawon watanni bayan an zuba shi. A ƙasarmu, inda zafin Afrilu kan kai digiri 40 ko ya haura, sannan daren hunturu ya sauko ƙasa da 15, wannan motsi ba ƙarami ba ne idan aka tara shi a kan falo mai tsawon mita biyar ko shida. Idan babu inda zai numfasa, dole ya nemi hanya, kuma hanyar da ta rage masa ita ce sama. Na taɓa yin wannan kuskure da kaina a farkon aikina. Mai gida yana sauri saboda an sa ranar ɗaurin auren ɗansa, na yarda aka jera tayil a kan shafen simintin da bai cika mako guda ba, kuma ban tsaya na duba gefen bango ba. Bazara ta biyu aka kira ni da rana tsaka, na tarar da layuka uku sun tashi sun jingina da juna kamar jinka, amarya da danginta suna tsaye a ƙofa sun ɗauka ginin ne zai rufta. Da na ɗaga guda ɗaya na juya bayansa, sai na gan shi fes, ko ɗigon siminti bai kama shi ba. Ina ba ka shawara ka je tsohon gidan ka ɗaga guda ka duba. Idan bayan tayil ɗin a wanke yake, to bai taɓa kamawa ba tun ranar farko. Idan kuwa ka ga curin siminti huɗu a kusurwoyi da ɗaya a tsakiya, sauran wurin fayau, to mai aikin ya yi maka tsumulmular siminti ne. Idan kuma kankaren ƙasan ne ya tsage tsagewar ta bi ta cikin tayil a layi ɗaya, matsalar daga ciko take.

Wannan ya kawo mu ga abin da ke ƙasa, wanda nan ne nake so ka fi kashe kuɗi da lokaci. Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin siminti ya zo. Daɓen gargajiya ba shafe ba ne kawai: a zuba marmara, a yayyafa ruwa, mata su taru da madaɓai suna bugu suna waƙa har ƙasa ta haɗe ta yi tauri, sannan a bi da ruwan makuba na ɓawon ɗorawa. Sirrin a bugun yake. Yau kuwa sai ka ga tifa ta juye jar ƙasa cikin harsashi, lebura ya baje ta da cebur, a watsa ruwa sau ɗaya, gobe a zuba kankare. Cikon da ya kai rabin mita ko fiye bai kamata a zuba shi lokaci guda ba. A zuba shi hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15 zuwa 20, a jiƙa shi daidai, a danne da inji, sannan a ƙara na gaba. Kada a yarda da ƙasar bola ko wadda ke da saiwoyi da tarkace, domin za su ruɓe su bar rami. Idan filin tsohon kududdufi ne da aka cike, ko fadama, ko irin baƙar lakar nan mai tsagewa da rani ta kumbura da damina, a nemi injiniya ya duba kafin a zuba kankare, domin wataƙila sai an sa masa ragar ƙarfe.

A kan cikon a fesa maganin gara, sannan a shimfiɗa leda mai kauri, a ɗora bakin kowace a kan 'yar'uwarta da kamar santimita 15, a kuma ɗaga gefenta ta hau jikin bango. Ledar nan ita ce ke hana danshin ƙasa hawowa, kuma rashinta ne ke sa ka shiga ɗaki da damina ka ji wari, ka ga layukan tayil sun yi baƙi, fentin gindin bango yana ɓarewa da wani farin gari kamar kanwa. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin gini, amma idan an riga an rufe babu yadda za a yi a mayar da ita sai an fasa. Kankaren da za a zuba a kai kada ya gaza santimita 10, a kuma riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla mako guda, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da fuskarsa tun cikinsa bai nuna ba. Kankare yana kai ƙarfin da aka auna masa ne a kwana 28. Ƙa'idar da nake bi ita ce a bar shi mako shida kafin a ɗora komai a kansa, shafen da aka yi don daidaita ƙasa kuma a ba shi mako uku idan da gam za a manna tayil. Tun da ka ce kana gab da kammalawa, ina zaton kankarenka ya daɗe da zuba, wanda hakan alheri ne. Duk da haka ka gwada shi: manna leda mai faɗin rabin mita a ƙasa, ka like gefunanta da salatif, ka bar ta kwana biyu. Idan ka ɗaga ka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, akwai danshi, kuma sai an shafa maganin hana ruwa kafin a ci gaba.

Yanzu ga tayil ɗin kansa. Abin da ke kasuwa, ko a Ƙofar Ruwa ka je ko a Dei-Dei ta Abuja, kashi biyu ne manya. Akwai seramik, wanda bayansa kan zama ja ko ruwan ƙasa, ba shi da nauyi sosai, yana shan ruwa, ƙarfinsa kuma a shafen da ke fuskarsa yake. Akwai fosilin, wanda aka gasa da wuta mafi zafi har ya haɗe, ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba, ya fi nauyi, ya fi jure duka. Ba sai ka dogara da bakin mai shago ba: juya tayil ɗin ka ɗiga ruwa a bayansa. Idan ya shanye nan take seramik ne, idan ruwan ya tsaya ya yi ƙwallo fosilin ne. A jikin wasu kwalaye za ka ga an rubuta PEI da lamba, wadda ke nuna juriyar fuskar tayil ga gogayya. Na ɗaya da na biyu na bango ne ko wurin da ba a yawan takawa, na uku ya isa ɗakin kwana, na huɗu shi ya dace da falo da kicin da hanyar wucewa. Wannan lamba tana da muhimmanci a wurinmu fiye da wasu ƙasashe, saboda yashin da takalmi ke kwasowa da ƙurar hunturu suna cin fuskar tayil kamar sanfefa. Ka kuma kiyayi abin da wasu ke yi na sa tayil ɗin bango a ƙasa don ya fi araha, domin siriri ne, ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba.

A gidan haya, tambayar da za ka yi wa kanka ba wane ne ya fi kyau ranar da aka gama ba, a'a, wane ne zai ga 'yan haya biyar sun shiga sun fita yana nan, kuma idan guda ya fashe wane ne za a canza ba tare da an tayar da ɗakin gaba ɗaya ba. Duk tashi da shiga jan gado ne, jan firji, saukar da tukunyar gas, ajiye jarkokin ruwa a kusurwa ɗaya kullum. Saboda haka ni 40 da 40 nake ba da shawara a sassan hayarka, marar sheƙi, mai ɗan kaushi, launin ƙasa-ƙasa ko ruwan toka mai ɗigo-ɗigo. Dalilin girman shi ne ƙaramin tayil yana yafe wa ƙasar da ba ta miƙe sosai ba, ana iya kwantar da shi da siminti da yashi yadda kowane mai tayil ya saba, kuma canza guda ɗaya aikin awa guda ne. Dalilin launin kuwa, fari tas yana nuna kowane tabo, baƙi ko mai duhu sosai kuma ya fi shi tona asiri, domin da hunturu ko an share da safe, kafin azahar sawun ƙafa ya fito a kansa. Sannan ka zaɓi wanda ake yi a nan gida. Akwai masana'antun tayil a jihohin Ogun da Kogi, kuma mai kyau daga cikin kayansu ya isa gidan haya. Wanda aka shigo da shi daga Sifen ko Italiya ko Sin ko Indiya yana iya fin sa kyau, amma kwantenar da ta kawo shi idan ta ƙare ta ƙare ke nan, bayan shekara uku ba za ka sami irinsa ba ko da kuɗi a hannu. Ka sa iri ɗaya a dukkan sassan huɗu, ka kuma sayi rarar kwali huɗu ko biyar ka kulle a gidanka, kada ka bar su a gidan hayar. Na sha shiga falo na ga tayil ruwan madara da faci biyu kore a tsakiya, kuma wannan kaɗai yana sa mai neman haya ya fara neman ragi tun daga bakin ƙofa.

Akwai abubuwa biyu na rayuwarmu da mai shago ba zai tuna maka ba. Na farko turmi. Babu tayil ɗin da zai jure daka a kansa kullum, komai tsadarsa, kuma hana matar gida daka magana ce da ba za ta yi aiki ba. Abin da ya fi shi ne ka ware wani ɓangare a tsakar gida ko bayan kicin, kamar mita ɗaya da rabi, ka bar shi kankare mai kauri ba tayil, ya zama wurin turmi da kurfoti da janareta, domin zafin gawayi ma yana tsaga tayil, man inji kuma yana shiga layuka ya ƙi fita. Na biyu jeren amarya. Sassan ɗaki da falo sababbin ma'aurata ne suka fi kama su, kuma dangin amarya sukan zo da kafet ko ledar ɗaki su sa a manne da gam a kan tayil. Ranar da suka tashi sai a bar maka gam ya bushe ya yi baƙi, mai kankarewa kuma ya zo da wuƙa ya karce fuskar. Ka rubuta a takardar yarjejeniya cewa an yarda a shimfiɗa amma ba a yarda a manna ba, ka ɗauki hoton kowane ɗaki ranar ba da makulli a gaban ɗan haya da dillali, a kuma fayyace cewa tayil da ya fashe ta dalilin duka ɗan haya ne zai biya, wanda ya kumbura da kansa kuwa naka ne. Adalci ke nan, domin kumburi laifin aiki ne, kuma bai halatta a ɗora wa wanda ya tarar da shi ba.

Idan za ka iya samun ƙwararren mai yin terazo, to a baranda da hanyar shiga da ake tarayya a kansu babu abin da ya kai shi. Shi ne daɓen nan na tsakuwar marmar da siminti da ake gogewa da inji, wanda har yau za ka gan shi a tsofaffin makarantu da asibitoci da ofisoshin gwamnati, dubban ƙafafu sun taka shi shekara da shekaru bai gaji ba. Idan ya dushe sai a sake gogewa ya dawo sabo. Matsalarsa ita ce masu iya shi sun yi ƙaranci, aikinsa yana da ɓata wuri, kuma matasa masu neman haya suna ganinsa tsohon yayi, shi ya sa ban ce ka kai shi cikin ɗakuna ba. Tsakar gida kuma kada ka sa mata tayil mai santsi ko kaɗan. Ko dai bulon intalok a kan yashi, wanda ake iya ɗagawa idan bututu ya fashe, ko kankare da aka ja wa tsintsiya tun yana ɗanye don ya yi kaushi, a karkata shi zuwa magudana.

A gidanka kuwa kana da damar bin ra'ayinka, domin kai za ka kula da shi. Babban falo zai yi kyau da fosilin 60 da 60, layuka kaɗan ne, shara da guga sun fi sauƙi, kuma yana da sanyi a ƙafa da bazara. Amma game da sheƙin da aka yaba maka, ina roƙonka ka tsaya ka yi tunani. Kai mutum ne da ya yi ritaya, gidanmu kuma gida ne da ake alwala sau biyar a rana, a fito da jiƙaƙƙiyar ƙafa a bi ta falo, yara suna gudu, tsofaffi suna zuwa gaisuwa. Tayil mai sheƙi da ɗigon ruwa a kansa ya kayar da mutane da yawa, kuma karayar ƙugu ga dattijo ba abu ne da ake warkewa da sauƙi ba. Idan iyali sun nace, a sa mai sheƙin a falon baƙi kaɗai, hanyar da ta fito daga ban-ɗaki da kicin da matakala kuma a sa marar sheƙi. Inda aka rubuta ma'aunin santsi a kwali, R9 na busasshen wuri ne, R10 ya dace da kicin, R11 shi ne na ban-ɗaki da baranda. Inda ba a rubuta ba, ka sa a ajiye maka guda a ƙasa, ka zuba ruwa, ka taka da tafin ƙafa a nan cikin shagon. Mai shagon kirki ba zai hana ka ba.

Sauran abubuwan da ake tallatawa zan wuce su da sauri. Daɓen katako da wanda aka yi da garin katako aka manna masa hoto ba su dace da gidan da ake guga da ruwa ba, gefunansu suna kumbura, gara kuma ba ta raina su. Akwai sabon nau'in roba mai tauri da ke kama da katako, wanda ake haɗawa baki da baki ba tare da gam ba. Ruwa ba ya cinsa, yana da daɗin takawa a ɗakin kwana, sai dai yana buƙatar ƙasa miƙaƙƙiya sumul, kuma rana mai dukansa kai tsaye ta taga tana sa shi motsi. Marmar yana da kwarjini, amma tsami yana cin fuskarsa, ko lemon tsami ya zube ya kwana sai ya bar tabo. Kafet daga bango zuwa bango yana tara ƙura, kuma ga mai asma wahala ce. Darduma a kan tayil, wadda za a fitar a kakkaɓe, ta fi shi. Daɓen roba mai hotuna da ake zubawa kuma, idan akwai ko ɗan danshi a ƙasa, ɓarewa yake yi kamar fatar maciji.

Wajen saye, a auna kowane ɗaki da mita, a ninka tsawo da faɗi. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 ya kama murabba'in mita 13.4. A ƙara kashi goma cikin ɗari saboda yanka da fashewa, ya zama kusan 14.7. Kwalin 60 da 60 yawanci guda huɗu ne, wato murabba'in mita 1.44, don haka ɗakin zai ci kwali 11. Idan 40 da 40 ne, kana buƙatar guda 93 ko kusa da haka, sai ka duba nawa ne a kwalin kamfanin da ka zaɓa. Idan za a jera a karkace, rarar ta zama kashi goma sha biyar. Kada a manta da sikatin, wato guntun tayil da ake zagaye gindin bango da shi. Ka sayi duka a rana ɗaya, ka duba lambar gasawa da ke jikin kwali ta zama iri ɗaya, domin tayil mai suna ɗaya da aka gasa a lokuta daban yana bambanta a launi har ma da girma. Ka buɗe kwali uku daga wurare daban, ka haɗa guda biyu fuska da fuska: idan suna lilo ko haske yana ratsa tsakaninsu, a lanƙwashe suke. Ka kuma tambaya a fili ko mai daraja ta ɗaya ne ko ta biyu, ka sa a rubuta a rasit.

Mai tayil kuma kada ka ɗauke shi da hoton waya. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi aiki shekara biyu ko uku da suka wuce, ka shiga da makulli ko tsabar kuɗi kana ƙwanƙwasa ƙasa. Wanda ya kama sautinsa a toshe yake, wanda ke da rami a ƙasa kuma yana amsawa kamar ganga. A yi ciniki a kan murabba'in mita, a riƙa biya ɗaki bayan ɗaki bayan ka duba, a kuma riƙe wani kaso sai an gama cike layi. Kafin ya fara, ya fitar da ma'auni ɗaya na gidan duka da tiyon ruwa, ya ja layi a bango, domin kada ka wayi gari ƙofa ta ƙi rufuwa ko falo ya fi ɗaki tudu. Ya kuma jera layi ɗaya a bushe tukuna, don a ga inda yanka zai faɗa, a kai guntaye bayan ƙofa ko ƙarƙashin kujeru maimakon bakin shiga.

Seramik na gidan haya za a iya kwantar da shi a kan kwaɓin siminti ɗaya yashi uku ko huɗu, amma a jiƙa shi a ruwa tukuna a bar shi ya tsane, in ba haka ba zai zuƙe ruwan kwaɓin ya hana shi kamawa, sannan a shafa kunun siminti a wurin duka, ba ɗigo-ɗigo ba. Fosilin kuwa, tun da ba ya shan ruwa, siminti zalla ba ya riƙe shi da kyau, kuma nan ne masu aiki da yawa ke kuskure domin suna yi masa yadda suka saba yi wa seramik. Shi gam ɗin tayil yake so, wanda ake sayarwa a buhu, kuma ga 60 da 60 a nemi mai alamar C2. A shimfiɗa gam ɗin da cokali mai haƙora, a shafa siriri a bayan tayil ɗin ma, a danna da gudumar roba. Kada a shimfiɗa fiye da abin da za a rufe cikin 'yan mintoci, musamman da hunturu, domin da zarar fuskarsa ta yi fata ya daina kamawa. A rana ta farko ka sa ya ɗaga guda ɗaya da ya riga ya manna a gabanka: ya kamata gam ya rufe aƙalla kashi tamanin cikin ɗari na bayansa, a ban-ɗaki da waje kuma kusan duka. A sa 'yan robobin nan masu siffar alamar tarawa don a bar tazarar milimita biyu zuwa uku tsakanin kowane biyu, ko da mai aikin ya ce maka yayin yanzu babu layi. A gefen bango a bar rabin santimita ko fiye, kada a cike shi da siminti, sikatin zai rufe shi. Falon da ya haura mita shida, da bakin kowace ƙofa, a bar layi ɗaya da za a cike da silikon mai laushi, a baranda da rana ke duka kuma a yi hakan duk bayan mita uku. Ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe na mita biyu a kan aikin: ratar da ke ƙarƙashinsa kada ta wuce milimita uku. Yanka kuma a yi shi a waje da ruwa ko da takunkumi, domin ƙurar tayil tana illa ga huhun yaran da ke aikin.

Ban-ɗaki ya sauka ƙasa da ɗaki da santimita biyu zuwa uku, ƙasansa ya karkata zuwa mazurara da kamar santimita ɗaya da rabi a kowace mita, kuma ƙaramin tayil, 30 da 30 ko ƙasa da haka, shi ya fi bin karkata. Idan akwai ban-ɗaki a bene, a shafa maganin hana ruwa har ya hau bango, a toshe mazurara, a tara ruwa kwana biyu, a duba silin ɗin ƙasa kafin a sa ko guda. Bayan an gama, ka zuba bokiti guda da hannunka ka tsaya ka ga inda ruwan ya nufa tun mai aikin bai karɓi cikon kuɗinsa ba.

A bar aikin kwana ɗaya ko biyu ba a taka ba, sannan a cike layuka da hodar da aka yi don haka, launi mai ɗan duhu a gidan haya, domin farin siminti yana tsagewa kuma cikin wata uku ya koma baƙi. A goge ragowar da soso tun tana ɗanya. Kada a bar masu wanki su kwarara ruwan asid a kai, domin yana cinye layukan, yana dusar da fuskar tayil, yana kuma sa ƙofofin ƙarfe tsatsa. Idan masu fenti ba su gama ba, a rufe ƙasa da kwalaye. Game da tsohon gidan kuma, ka bi falon da makulli kana ƙwanƙwasawa kana sa alama da alli. Idan masu amsawa kaɗan ne, a cire su a sake mannawa, a ɓalle sikatin a yanke gefen bango da inji don a buɗe tazarar da aka hana shi tun farko. Idan sun kai kashi ɗaya cikin uku na falon, faci asarar kuɗi ne, gara a jira wa'adin ɗan hayar ya cika a kwashe duka, a gwada danshin kankaren da leda kamar yadda na bayyana, sannan a sa irin tayil ɗin da za ka saya wa sababbin sassan, don rarar da ke ajiye ta yi wa gidajen biyu aiki.